Shekarar da Jinin Baba Ya Ƙi Zuma

A ƙauyenmu, can bayan Gozaki, in aka ce gidan masu amya to gidanmu ake nufi. Baba yana noman auduga da dawa kamar kowa, amma ransa yana kan amyoyinsa. Shi yake saƙa su da ciyawa, dogaye kamar ganga, ya shafe su da kashin shanu, ya turara, ya hau ɗorawa ko kaɗanya ya ɗaure, ƙudan zuma su zo su tare a ciki. Yayansa da ke zaune a Tsiga, wanda muke ce wa Baffa, shi ya koya masa tun suna yara. Su biyun ba su ɗauki harbi a bakin komai ba. Na sha ganin Baba yana cin tuwo da hannun dama, Inna tana tsince masa ƙarin da ƙudan zuma suka bari a hannun hagu, yana hirarsa.

Shekarar da nake magana na gama sakandare, ina zaune a gida ina jiran sakamako. Shekarar ce aka raba mu da Kaduna aka ba mu jiha. Zaman ya ishe ni, kowa haushinsa nake ji, kuma gani nake duk ƙauyen babu wanda ya kai ni sani. Na faɗi wannan tun yanzu don a gane abin da na yi.

Da damina Baba ya yi ciwon shawara, ya kwanta kusan wata biyu, bai hau ko bishiya ɗaya ba. Bayan kaka da ya warware, ya je duba amyoyin da ke ɗorawar bayan gida. Ƙuda ɗaya ne ya harbe shi a wuya. Ɗaya tak. Kafin ya ƙaraso ƙofar gida jikinsa ya tashi da borin jini, ruɗu-ruɗu har fatar kai, idanunsa sun kumbura sun kusa rufewa, leɓensa ya yi suntum. Da ya ce a ba shi ruwa, muryar ba tasa ba ce, ta dushe kamar ta wanda ya wuni yana kiran shanu. Inna ta shafa masa toka, ta dama masa zuma a ruwa ya sha. Zuwa la'asar abin ya sace. Ya dubi fuskarsa a ɗan madubina ya ce, "Uwata, yau na yi ƙiba ba tare da na ci naman kowa ba." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Muka yi dariya. Inna ba ta yi ba.

Bayan kwana huɗu Baffa ya zo a kan kekensa. Ya saurari labarin, ya latsa wuyan Baba, ya ce shi ya san ciwon. Masu amya suna da magana cewa jini sabo yake yi da harbi, in mutum ya daɗe bai sha harbi ba sai jinin ya manta, ya koma na baƙo. Maganinsa a tuna masa. A kamo ƙuda uku da sassafe, kafin mutum ya karya, a ɗora masa a dantse su harbe shi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce haka ubansu ya yi masa bayan ya dawo daga cin rani.

Inna tana bakin murhu. Ba ta saba tsoma baki in wa da ƙane suna magana ba, amma ta ce, "Baffan yara, ni dai raina bai kwanta ba. Ba ka ji muryarsa ran nan ba."

"To ga likita nan a gida," in ji Baffa, yana nuna ni da haɓa. "Ke 'yar boko, me littafinku ya ce?"

Zolayata yake yi. Ni kuwa na karɓe ta da gaske. Na ce ai wannan shi ne ainihin abin da aka koya mana, sunansa rigakafi, ana ba jiki kaɗan daga abin da ke cutar da shi don ya koyi faɗa. Har na janye hannun rigata na nuna musu tabon lambar da aka yi mini ina ƙarama. Baffa ya tafa hannu ya ce ashe Turawa ma a wajen kakanninmu suka sata. Inna ta sake buɗe baki, na ce, "Inna, abin da ba ki sani ba ki bar wa waɗanda suka sani."

Haka na ce wa uwata, a gaban mijinta da yayan mijinta. Ta juya ta ci gaba da tura kara a wuta.

Washegari rana ta ɗan ɗago Baffa ya je bakin rijiya, inda ƙudan ke sauka shan ruwa, ya kife uku da ƙoƙo. Baba ya zauna a kan turmi a tsakar gida ya miƙa hannu. Baffa ya kamo na farko ta fukafuki ya danna masa. Baba ya ce, "Yaya, wannan ai gaisuwa ce." Aka danna na biyu. Na uku ba a kai gare shi ba.

Abin da ya fara faɗi shi ne tafin ƙafarsa yana ƙaiƙayi. Na yi mamaki, a hannu aka harbe shi, me ya kawo ƙafa? Sai ya yi tari sau biyu. Sai ya kama wuyan rigarsa yana ja, rigar da ko maɓalli ba ta da shi. Ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, turmin ya goce, ya zube ƙasa. Numfashinsa ya koma wani siririn fito, yana ja da dukan ƙirjinsa amma iskar ba ta shiga. Baffa ya ɗura masa ruwan zuma, ruwan ya dawo ta gefen baki. Leɓensa ya fara yin toka-toka. Idanunsa a kaina suke. Ban san ko ganina yake yi ba, amma a kaina suke, ni kuma ina tsaye riƙe da ƙoƙon da ƙuda na uku ke ta bugawa a ciki. Duk abin da na karanta, ko kalma ɗaya ba ta zo mini ba.

Inna ce ta fita da gudu ba ko ɗankwali, ta je gidan fastonmu, shi kaɗai ke da babur a unguwar. Aka ɗora Baba a tsakiya, Baffa a baya ya rungume shi, Inna ta kwance zanenta na sama ta ɗaure shi a bayan fasto kamar goyo. Ƙafafunsa suna jan ƙasa suka tafi.

Ni da Inna muka bi hanya a ƙafa har muka samu akori-kurar masu kai kaji Kafur. Tun daga nan har muka isa ba ta ce mini komai ba. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Duk babur ɗin da na hango yana tahowa sai in ce su ne suka juyo da shi, tunda in mutum ya cika a hanya ba a ƙarasawa.

Mun same shi a ɗakin shan magani, kwance a kan benci, yana numfashi. Malamin asibitin ya yi masa allura tun a bakin ƙofa, kafin ma a kwance zanen. Yana ganinmu ya hau faɗa, wane mai hankali ne zai kama zuma ya ɗora wa mutumin da ya riga ya kumbura sau ɗaya? Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ni ne." Na bar shi ya ɗauka shi kaɗai. Inna ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai.

Daga nan aka tura mu asibiti a Malumfashi, Baba ya kwana biyu. Likitan da ya duba shi saurayi ne ɗan kudu, mai bautar ƙasa, Hausarsa ba ta wuce sannu da ina ciwo ba, don haka ni na yi tafinta. Ranar da za a sallame mu na bi shi ofis na tsaya masa a ƙofa. Na ce ya gaya mini gaskiya, mutumin da ya shekara talatin zuma tana harbinsa, yaya ƙuda biyu za su kusa kashe shi?

Ya ce ba dafin ne ya ƙaru ba, jikin ne ya sauya. A cikin jini akwai ƙwayoyin da ke tsaron jiki, kuma suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan sinadarai. A jikin wasu mutane akan wayi gari saƙon da ke tafiya shi ne a ɗauki wani abu a matsayin babban abokin gaba, ko dafin zuma ko ƙurar auduga ko wani magani. Daga ranar, da abin ya taɓa jini sai jiki ya tashi gaba ɗaya, fata ta kumbura, maƙogwaro ya kumbura ya rufe. Ya jawo wata mujallar likitoci da ta tsufa a hanya kafin ta iso shi, ya buɗe mini wani shafi. Ya ce a ƙasashen waje ba da daɗewa ba aka gano ɗaya daga cikin sinadaran nan masu kai saƙo, har an iya haɗa shi a ɗakin gwaji, ana ajiye shi a 'yan kwalabe.

Na ce nawa ne, a ina ake samu? Ina da awaki biyu, a raina har na sayar da su.

Ya ce ban gane ba. Ba magani ba ne. Shi ne ma mai hura wutar. Ana haɗa shi ne don a zuba wa ƙwayoyin jini a ga yadda yake umartar su, ko wata rana a san yadda za a tare shi.

"Wata rana yaushe?"

"Ban sani ba. Ƙila ke ki gani."

"To kun kama ɓarawo kun sa a kwalba kuna kallo, mu kuma mu yi yaya?"

Bai ji haushi ba. Na tambaye shi batun rigakafin da na faɗa, na ce wata ce ta kawo shawarar. Ya dube ni, na san ya gane wace ce wata ɗin. Ya ce akwai wuraren da ake yin abu mai kama da haka, amma da ɗigon da ido ba ya gani, a asibiti, da allura a hannun likita, kuma babu shi a nan. Abin da yake da shi kawai irin allurar da aka yi wa Baba a Kafur. Ya ba ni 'yan kwalabe biyu, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, da sirinji biyu a cikin leda, da ɗan zarton da ake kankare wuyan kwalbar kafin a karya. Ya nuna mini iya inda zan ja, ya nuna mini gefen cinya. Ya ce in an sake harbinsa kada in jira in ga ko zai wuce, kuma ko ya farfaɗo a kawo shi. Ya ce na gaba zai iya fin wannan sauri. Ya ce a sauke amyoyin da ke kusa da gida.

Baba ya yarda ba zai hau ba. Saukewa kuwa ya ce sai bayan ransa. Na ce ai kuwa an kusa. Ya ce, "Uwata, bakin nan naki ya fi na zuma dafi." Amya huɗu ne a ɗorawar bayan gida, inuwarta har katangarmu take taɓawa.

Sai bazara ta shigo. Wanda bai zauna kusa da amya ba bai san bazara ba. Ruwa ya ƙafe a daji, ƙudan suka dawo gida neman sha. Suna bakin randa, suna kan igiyar guga, suna kan ɓawon mangwaro da yara suka yar, suna cikin turmi in ana dakan garin ɗorawa. Da can ko ganinsu ba na yi. Yanzu ina jin ƙugin ɗaya daga ɗaki. Na rufe kowace randa da faifai na ɗora dutse. Na hana shigo da mangwaro da rake. Na yi faɗa da maƙwabciyarmu a kan ruwan wanke-wanke da take zubarwa ta rariya, har yau ba mu gama shiryawa ba. In Baba zai je gona ina bayansa da ɗan gwangwanin da na zuba kayan allurar a ciki, a ƙulle a bakin zanena, yana cewa an ba shi ɗan sanda. Wata Lahadi ana tsakiyar wa'azi wani ƙuda ya shigo ta taga ya nufi ɓangaren maza. Na miƙe na tsallake benci na bi shi da littafin waƙa ina duka. Fasto ya tsaya, majami'a duka ta juyo. Baba bai yi mini magana ba har kwana biyu.

Kullum da yamma nakan zauna da ɗanyar gwanda da wani tsohon sirinji da malamin Kafur ya ba ni, in ja ruwa, in soka, in danna. Na yi har na iya yi ido rufe. Inna takan zauna nesa kaɗan tana tankaɗe. Ban taɓa ce mata ta zo ta koya ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Ranar da abin ya zo, ba wata rana ba ce ta daban. Mun dawo daga sharar gona rana tsaka, zafi kamar a ƙona mutum. Na tsaya cire ƙaya a ƙafa. Baba ya wuce ni ya ɗaga faifan randa, ya ɗebo da moɗa ya kai baki. Akwai ɗaya a cikin moɗar. Moɗar ce ban taɓa tunanin rufewa ba, a rataye take a jikin ƙusa da sauran danshi a ciki. Ya furzar da ruwan ya dafe leɓe. Bai yi wasa ba wannan karon. Ya ce, "Uwata," ya zauna a ƙasa da kansa.

Ƙullin zanen ya ƙi kwancewa. Na sa haƙori. Na fito da kwalba ɗaya, na nemi zarton, ya faɗi cikin ƙasa, na lalubo shi. Fiton nan ya fara, ko minti biyu ba a yi ba. Ban kankare wuyan sosai ba, na matsa da ƙarfi, kwalbar ta tarwatse a tsakanin yatsuna. Maganin ya bi tafin hannuna ya gauraya da jini ya ɗiga ƙasa. Na tsaya ina kallon wurin da ya jiƙe, ƙasa ta shanye shi nan take. Saura ɗaya. Na ji kaina ina cewa, "Ba zan iya ba, ba zan iya ba," da ƙarfi, ni da nake ce wa kowa ya matsa.

Inna ta ajiye rariya. Ta karɓe gwangwanin daga cinyata. Ta goge zarton a zanenta, ta kankare wuyan kwalbar a hankali, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ta naɗe shi da bakin ɗankwali ta karya. Ta yage ledar sirinji da haƙori, ta zuƙo, ta ɗago shi saitin idona.

"Nan ne?"

Na duba. Ta wuce kaɗan. Na ce ta rage. Ta rage.

"Nan?"

"Nan."

Ta yaye wandon Baba ta soka a gefen cinya, daidai inda likita ya nuna mini, ta danna har ƙarshe. Sannan ta ce, "Tashi ki kira fasto." Na ce ba zan bar shi ba. Ta ce, "Tashi, ƙafarki ta fi tawa."

Na tafi. Ban san abin da na bari a bayana ba, kuma da muka dawo da babur sai da na tsaya a zaure. Ina sauraron ko zan ji kuka. Abin da na ji tari ne, mai ƙarfi, irin na mai iska a ƙirji. Yana jingine da Inna, fuskarsa a kumbure, zufa ta jiƙe shi, jikinsa yana ɓari, amma iska tana shiga tana fita.

A Kafur aka ƙara masa wata allurar, aka ɗaure mini yatsa. Malamin ya duba inda aka soka wa Baba allurar, ya ce hannuna ya yi kyau. Na ce ba nawa ba ne, na Inna ne, kuma wancan karon ma ba Baffa kaɗai ba ne, ni na ce a yi. Ya dube ni ya dubi Inna. Inna ta ce, "Malam, a ba mu wasu kwalaben. Uku, in akwai. Yarinyar nan makaranta za ta koma."

Kwana uku da dawowarmu Baba ya aika Tsiga. Baffa ya zo da amalanken shanu da maza biyu. Da almuru, bayan ƙudan sun shige, suka hau suka toshe bakin amyoyin da laka, suka zuro su da igiya ɗaya bayan ɗaya. Muka sa Baba a ɗaki, muka saki asabari, na toshe ƙasan ƙofar da tsumma na zauna a waje. Ina jin sa ya matso jikin ƙofa. Da aka ɗora ta huɗu Baffa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "To, za mu kama hanya."

"Yaya," in ji Baba daga ciki. "Ta reshen gabas ɗin nan ƙudanta masu faɗa ne, kada ka sa su kusa da hanya. Kuma ƙaramar tana yoyo ta baya, ka ƙara mata shafe kafin ruwa ya sauka."

"Na ji."

"Ba su son tsamiya. Ka nema musu ɗorawa."

"Na ji, na ce."

Amalanken ya tafi. Sauran na daji ma a makon Baffa ya kwashe su. Baba ya jima a ɗakin bayan ƙarar ƙafafun shanun ta ɓace. Da na ɗaga asabarin na ce ya fito ya sha iska, sai ya tambaye ni ko na duba tsakar gidan, ko akwai waɗanda suka ɓalle suka rage. Na ce na duba. Ya ce in sake dubawa.